Masu Kai Kifi Ƙetare da Ransa

Bandar kifi ba ta da wuyar tafiya. A cika kwali da ita a Gaya ko a Difa, a ɗaure, a jefa bayan mota, ta yi kwanaki a hanya ta isa kasuwa ba abin da ya same ta. Kifi mai rai kuwa ba haka yake ba. Duk inda za a kai shi sai an tafi da ruwan da yake numfashi a ciki, kuma duk abin da ke cikin ruwan nan da cikin jikin kifin, na alheri da na sharri, tare za a yi tafiyar. Shi ya sa ɗauko kifi daga ruwan wata ƙasa a sauke shi a ruwan wata, da ransa, ba tare da ya kai wa mutanen can annoba ba, ya zama sana'a mai zaman kanta, da gwanayenta da ƙa'idojinta. Mutum biyu ne ke riƙe da ita: mai shirya kifin, da likitan da ke sa hannu a takardar shaidar lafiyarsa.

Wani zai ce me ya haɗa Kore Mairuwa da wannan zance. Garin yana kan babbar hanyar kwalta ta ƙasa mai lamba 1, tsakanin Doso da Dogon Dutsi, cikin gundumar Tibiri da aka cire daga Dogon Dutsi a 2011. Ba teku a nan, ba kogi mai gudu. Abin da ke akwai shi ne Dallol Mawri, tsohon kwarin da ya gangara kudu har yankin Gaya inda kogin Isa yake, ruwa kusa da ƙasa, ga lambuna, ga tabkunan da damina ke cikawa. Tabkin da bai haɗe da kogi ba kuwa, in ya ƙafe ya sake cika, ban da gaiwa mai kwana cikin laka, yawancin kifinsa sai an kawo masa. Ma'aikatan gandun daji da ƙungiyoyin masunta sun daɗe suna zuba irin tarwaɗa da karfasa a tabkunan Nijar, masu kiwo a rami ko a kwamin siminti kuma suna sayo 'ya'yan kifi, wasu daga cikin ƙasa, wasu daga Najeriya. Wanda ya sauke jarkar 'ya'yan tarwaɗa a bakin tabkin Arewa da wanda ya sauke akwatin kifi a filin jirgin saman Paris, tambaya ɗaya ce a gabansu: daga wane ruwa kifin nan ya fito, kuma wa ya duba shi?

Inda takardar ta samo asali

Makiyayi ba ya bukatar dogon bayani kan abin da dabba ɗaya mai ciwo ke jawowa. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar Masawa da ke gaɓar Bahar Maliya, cikinsu da masu ɗauke da bushiya. Cikin 'yan shekaru cutar ta keta Sahel, ta iso ƙasar Hausa, ta bar masu garke da sanda kawai a hannu. A 1920 ta ɓulla a Beljiyam, ta dalilin shanun Indiya da aka ya da zango da su a tashar Antwerp kan hanyarsu ta zuwa Brazil. Wannan firgici ne ya tara ƙasashe 28 a Paris, suka kafa hukumar kula da lafiyar dabbobi ta duniya ranar 25 ga Janairun 1924. Ita ce aka daɗe ana kira OIE, tun 2022 kuma ake kira OMSA a Faransanci, kuma Nijar da Najeriya duk suna cikin ƙasashe fiye da 180 da ke ƙarƙashinta. Sai a 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya, shekara 124 bayan saukar shanun Masawa.

A 1995 hukumar ta fitar da kundin ƙa'idojin lafiyar dabbobin ruwa: kifi, jatan lande, ƙaguwa, kawa, daga baya aka ƙara kwaɗi da danginsu. A shekarar ce kuma yarjejeniyar Hukumar Ciniki ta Duniya kan lafiyar dabbobi da tsirrai ta fara aiki, ta mai da ƙa'idojin OMSA ma'aunin da ake komawa gare shi in ƙasashe biyu sun saɓa. Kowace ƙasa na da ikon rufe ƙofarta don kare dabbobinta, amma sai ta kawo hujja ta ilimi.

Lamarin kifi ya fi na shanu wuya. Sa mai ciwo ana ganinsa, a ware shi, a ɗaure shi a gindin itace, a yi masa allura. Kifi yana ƙarƙashin ruwa, sau da yawa ba a sanin yana ciwo sai ya taso ciki sama. Ruwa kuma ba a yi masa shinge. Cutar da ta shiga tabki ta shiga ke nan, ambaliya ɗaya ta isa ta kai ta tabki na gaba, tsuntsun da ya ci mushen kifi ko komar da aka ara wa maƙwabci su ƙarasa sauran aikin.

Cututtukan da suka yi tafiya

Akwai wata cutar gyambo da wani irin fumfuna mai suna Aphanomyces invadans ke haddasawa, tana cin naman kifi ta bar jan miki mai zurfi. An fara ganinta a Japan a 1971, ta mamaye kudancin Asiya a shekarun 1980, sai ga ta a kogin Chobe da ke haɗe da Zambezi a 2006. Daga nan ta bi ruwan kudancin Afirka, ta kai Malawi a 2020, kuma tarwaɗa irin tamu na cikin kifayen da take kamawa.

Karfasa ma tana da nata. A 2014 masu bincike a Isra'ila suka bayyana wata sabuwar ƙwayar bairos mai kashe ta, wadda ake taƙaita sunanta da TiLV. A watan Mayun 2017 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗi a kanta, bayan an same ta a Asiya da Afirka da Kudancin Amurka. Gana ta ɗauki gargaɗin da muhimmanci, ta hana shigo da karfasa da kifin ado daga watan Yulin 2018. Duk da haka, a ƙarshen shekarar wata ƙwayar dabam mai suna ISKNV ta afka wa karfasar da ake kiwo cikin keji a tafkin Volta, ta yi ɓarna mai yawa, musamman a cikin ƙananan kifi.

Wanda ke zaton ƙasa mai arziki za ta iya sayen mafita, ya dubi Norway. A 1975 aka gano wata 'yar tsutsa mai suna Gyrodactylus salaris, wadda tsawonta bai kai milimita ɗaya ba, a jikin kifin salmon na ƙasar. Ta shigo ne tare da 'ya'yan kifin da aka sayo daga Suwidin don kiwo. Ta bazu zuwa koguna kusan 50. A da yawa daga cikinsu maganin da aka samu shi ne a zuba guba a kashe kifin kogin baki ɗaya, sannan a sake zuba mai lafiya daga irin da aka adana. Shekaru kusan 50 ƙasar tana wannan fama, a kan kayan da aka bari suka shigo ba tare da an gane abin da suke ɗauke da shi ba.

Hannun mai shirya kifi

A yankinmu, inda aka fi ganin wannan gwaninta shi ne Legas, inda aka daɗe ana fitar da kifin ado zuwa Turai da Amurka da Asiya ta filin jirgin saman Murtala Muhammed. Abin da zai ba masuncin Gaya ko na Argungu mamaki shi ne, cikin kayan akwai kifayen da ya sani sarai: gartsa, ƙurungu, minjirya, har da 'ya'yan yauni. Abin da muke sakawa a tukunya, wani a Jamus ko Japan yana ajiye shi cikin akwatin gilashi yana kallo.

Aikin yana farawa ne makonni kafin ranar tashi. Kifin da aka kamo daga kogi ba a tura shi kai tsaye. Ana killace shi a kwamin da ba ya haɗa ruwa da wani, kowane kwami da komarsa da bokitinsa, a ware shi iri-iri, a kuma ware shi girma-girma, domin 'ya'yan tarwaɗa da danginta, in wani ya ɗara ɗan'uwansa girma, haɗiye shi yake yi. A wannan zaman ne mai rauni ke mutuwa, mai ɓoyayyen ciwo ke bayyana. Gwani yana zagaya kwamin da sassafe kafin ya taɓa komai, yana duban yadda kifin ke iyo. Wanda ya ware kansa a lungu, wanda ke goga jikinsa a bango, wanda ke hamma a saman ruwa, wanda launinsa ya yi duhu, duk sun gaya masa wani abu. Wankan ruwan gishiri na ɗan lokaci yana kakkaɓe yawancin ƙwarin da ke manne a fata.

Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya sai a hana kifin abinci. Baƙo zai ga kamar mugunta ce, alhali ita ce ke tsirar da shi. Kifin da cikinsa ke cike yana ɓata ruwansa da kashi da amai, yana kuma shan iska fiye da mai yunwa. A cikin leda ba inda dattin zai je.

Ledar kanta ilimi ce. Ana zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku kawai, a matse iskar da ke ciki ta fita, a hura tsantsar iskar oksijin daga tukunyar gas har ta cika sauran kashi biyun, a murɗe baki a ɗaure da roba tamau. Ana ninka ledar biyu, a ɗaure kusurwoyinta don kada ƙaramin kifi ya maƙale a ciki. Mai ƙaya kamar ƙurungu ana ƙara masa leda, a sa takarda tsakani, domin ƙayarsa ɗaya ta isa ta zubar da ruwan duka. Mai faɗa kuma, kowane da ledarsa. Daga nan a jera su cikin akwatin farin soso mai riƙe sanyi, a rufe, a sa cikin kwali mai alamar da ke nuna sama da ƙasa, kamar yadda ƙa'idojin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA suka tanada don jigilar dabbobi masu rai. Duhun cikin akwatin yana kwantar da kifi. Gwani yana lissafa yawan kifin kowace leda da zaton tafiyar za ta kai awa 48 ko da jirgin na awa 7 ne, domin jirgi kan yi latti, kaya kan kwana a filin jirgi.

Zafi ne babban abokin gaba. Lita ɗaya ta ruwa mai digiri 20 tana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa bai wuce 7.5 ba, ga shi kuma a ruwa mai ɗumi ne kifi ya fi bukatar iskar. Shi ya sa mai kai 'ya'yan kifi Arewa a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, yake tafiyar dare ko ta asuba, ya lulluɓe jarkokinsa da jiƙaƙƙen buhu. Tarwaɗa tana da sauƙi domin tana iya shaƙar iska daga sama, a yanke bakin jarka a bar mata sarari ta isa. Karfasa da giwan ruwa ba su da wannan baiwa, sakaci kaɗan sai a tarar da su sun yi fari.

Akwai wani sirri da ke raba gwani da ɗan koyo, kuma a ƙarshen tafiya yake. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya cikin ruwan ledar, mai dafi ne. Yana kuma fitar da iskar kabon, wadda ke sa ruwan ya ɗan yi tsami, tsamin nan kuwa yana danne dafin amoniyar. Da zarar an kwance bakin leda, iskar kabon ta fice, tsamin ya ragu, dafin ya tashi. Kifin da ya jure kwana biyu a rufe yana iya mutuwa cikin ɗan lokaci bayan an buɗe masa. Saboda haka gwani yakan ɗora ledar a kan sabon ruwan tana ɗaure, na minti 20 zuwa 30, har ɗuminsu ya daidaita, sannan ya buɗe ya kwashe kifin da hanzari. Ruwan ledar kuma ba ya barinsa ya shiga tabki ko magudana, sai an kashe abin da ke cikinsa da sinadarin bilic.

Idon likita da alƙalaminsa

Duk wannan ƙoƙari bai isa ya buɗe ƙofar wata ƙasa ba sai da takarda. Maniyyaci ya san ko ya biya kuɗin kujera, ba ya shiga Saudiyya sai da katin rigakafi mai hatimin hukuma. Haka kifi. Bambancin shi ne ƙasar da za a shiga ce ke rubuta abin da takardar za ta ƙunsa, ƙasar da za a fita kuma ta nemo wanda zai iya rantsewa a kai. A Nijar wannan nauyi yana kan likitocin dabbobi na gwamnati, tare da ma'aikatan sashen kamun kifi da kiwonsa, ga kuma ɗakin gwaje-gwaje na LABOCEL a Yamai. A Najeriya akwai hukumar killace kayan gona ta NAQS, wadda ke da sashe na musamman na dabbobin ruwa, da sashen kifi na gwamnatin tarayya.

Likitan yana farawa da littafin gidan kiwon: daga ina kifin ya zo, yaushe, nawa suka mutu kowace rana, wane magani aka ba su. Gidan da ba ya rubuta mace-macensa ya riga ya faɗi jarrabawa. Sannan ya zagaya kwamin, ya kamo wasu, ya ɗaga murfin kunnen kifin ya dubi jan naman da yake numfashi da shi. Ja wur shi ne lafiya, in ya koɗe ko ya yi majina ko ya zagwanye, akwai magana. Ya kankaro ɗan yauƙin fata ya duba a madubin likita. Ya fede wasu ya dubi hanta da saifa da ƙoda, ya yanki kaɗan-kaɗan ya aika ɗakin gwaji, inda gwajin PCR ke gano ƙwayar cuta ko a jikin kifin da ke iyo garau.

Kifi nawa za a gwada cikin dubbai? Nan ma ba a yin ka-cici-ka-cici, lissafi ne. In ana zaton cutar ta kama 10 cikin 100, gwada 30 ya isa a gano ta da tabbacin kashi 95 cikin 100. In 5 cikin 100 ne, sai 60. In kuwa 2 ne kacal cikin 100, sai an gwada 150. Gwani ba ya zaɓar masu ƙiba da sheƙi, ragwaye da masu alamar ciwo yake fara kamowa, domin neman cutar yake yi. Gwaji na rana ɗaya kuma bai isa a ce gida ko kogi ya kuɓuta daga wata cuta ba. A mafi yawan cututtuka sai an yi shekara 2 ana bibiya a lokutan da cutar ta fi son fitowa, ba a same ta ba.

Sai sa hannu, wanda shi ne mafi nauyi. Kundin OMSA ya yi wa mai sa hannu iyaka ƙarara. Ba ya shaidar abin da bai gani da idonsa ba, sai dai in wani ma'aikacin da hukuma ta amince da shi ya tabbatar masa a rubuce. Ba ya sa hannu a takardar da ba a cike ba. Ba ya shaidar kayan da yake da riba a cikinsu. Takardar tana da lamba tata ita kaɗai, an rubuta ta da harshen da shi ya fahimta da wanda ma'aikacin can zai fahimta. Launin tawadar sa hannu da ta hatimi dole ya bambanta da na bugun takardar, don a rarrabe ta asali da kwafi. Ba a kankarewa, in za a soke layi sai a ja masa zare a buga hatimi a gefe. Sunan kifin kuma na Latin ake rubutawa, tarwaɗa Clarias gariepinus, karfasa Oreochromis niloticus, giwan ruwa Lates niloticus, domin suna ɗaya na kasuwa yakan rufe iri biyar.

Dalilin wannan tsanani shi ne ma'aikacin da ke Frankfurt ko Dubai bai taɓa ganin kwamin ba, bai san mai kayan ba. Abin da yake da shi kawai amanar hatimin ƙasar. Ranar da aka kama takarda ɗaya ta ƙarya, ba mai kayan kaɗai ke shan wuya ba, duk mai fitar da kifi daga ƙasar sai ya ɗanɗana. Likitan da ya ƙi sa hannu alhali jirgi na jira, mai kaya na roƙo, yana kare abincin mutanen da ba su ma san sunansa ba.

A bakin ƙofar masu saye

Kowace ƙasa da tsarinta, shi ya sa gogaggen mai fitar da kaya ba ya kama kifi ko ɗaya sai ya riƙe izinin shigarwa da samfurin takardar ƙasar da zai aika wa. Tarayyar Turai tana aiki da dokar lafiyar dabbobi mai lamba 2016/429, wadda ta fara aiki ranar 21 ga Afrilun 2021. Ga kifayen da ke iya ɗaukar cututtukan da ta lissafa, sai ƙasar da suka fito tana cikin jerin waɗanda aka amince da su, sai an duba su cikin awa 72 kafin lodi, takardar kuma kwana 10 take yi. Mai karɓar kayan yana sanar da zuwansu tun kafin su iso, ta na'urar TRACES a intanet, kuma ba su shiga sai ta tashar binciken da aka keɓe. A can ana duba abu uku: takarda, ko abin da ke cikin akwati shi ne abin da takarda ta faɗa, da lafiyar kifin. In ɗaya ya saɓa, ko a tsare kayan, ko a mayar da su, ko a hallaka su, kuma mai kaya ne ke biya.

Wani lokaci kifin lafiyarsa ƙalau, shi kansa ne ba a so. Giwan ruwan da aka zuba a tafkin Victoria a shekarun 1950 ya cinye ƙananan kifayen tafkin iri-iri har wasu suka ɓace. Amurka ta ga irin wannan a Florida a shekarun 1960, inda wata 'yar'uwar tarwaɗa daga Asiya ta kuɓuce daga wurin masu kifin ado ta cika magudanan jihar. Tun daga lokacin Amurka ta sa dangin tarwaɗa gaba ɗaya cikin jerin dabbobi masu cutarwa, ba a shigar da su da rai sai da izini na musamman. Indiya ma ta hana kiwon tarwaɗar Afirka. A Holan da Hangari kuwa kiwonta ake yi a rufaffun gidaje ana cin riba. Ga kuma yarjejeniyar CITES ta 1973 kan halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda Nijar da Najeriya suka shiga tun farkonta. Duk abin da ke cikin jerinta yana bukatar nasa izinin dabam, ko da takardar lafiyarsa ta cika.

Rashin takarda kaɗai ya isa ya rufe kasuwa. A 2018 Amurka ta dakatar da shigar bandar tarwaɗa daga Najeriya, ba don an sami cuta a cikinta ba, sai don bayanan tsarin binciken da aka nema ba su cika a kan lokaci ba. Idan haka ta faru da kifin da ya sha hayaƙi, sai a auna yadda za a yi da mai rai.

Rabon Arewa a ciki

Gaskiyar magana, a yau Arewa mai karɓar kifi mai rai ce, ba mai aikawa ba. Wannan kuwa shi ya sa ƙa'idar ta fi amfanar mu fiye da kowa. Tsakanin Arawan Dogon Dutsi da na Kangiwa zumunci ne da kasuwa ɗaya, jarkar 'ya'yan kifi kuma tana iya bin babur ta ƙetaro ba tare da ta bi ta Kamba ko Illela ba. Doka dai akwai ta: Nijar na da dokar kamun kifi, ƙungiyar UEMOA kuma ta kafa ƙa'idar lafiyar tsirrai da dabbobi da abinci mai lamba 07/2007. Amma ɗan duwan ba zai tsaya a bakin kowane tabki ba. Mai tsaron ƙarshe shi ne wanda zai tuntsurar da jarkar cikin ruwa.

Abin da gwanayen Legas da likitocin filin jirgi ke yi da na'urori, ana iya yin rabinsa a Kore Mairuwa da ido da haƙuri. A sayi iri a gidan da aka sani, wanda zai yarda a ga iyayen kifin da kwaminsa. A ajiye sabon zuwa a wuri dabam na mako 2 zuwa 4 kafin a haɗa shi da na gida. Kada a zuba ruwan tafiya a tabki. A shanya koma da taru su bushe ƙayau a rana kafin a kai su wani ruwa. Kada a zuba irin da ba a san shi a yankin ba don kawai an ce yana saurin girma. In aka wayi gari kifi na mutuwa da yawa, a tuna ruwa ba ya tsami banza: a binne mushen, a daina kwasar kifi daga wurin zuwa wani tabki, a sanar da ma'aikacin gandun daji ko likitan dabbobi tun kifin bai ruɓe ba, domin ruɓaɓɓen kifi ba ya gwaduwa.

Ga matasan da ke karatun likitan dabbobi ko na aikin gona a Yamai da Maraɗi da Sakkwato, wannan fage ne mai neman masu shiga. Tabkin da aka rubuta tarihin lafiyarsa shekara da shekaru, shi ne wanda wata rana za a iya sa hannu a kan kifinsa a aika ko'ina. Masu unguwanni da sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masunta na Dallol Mawri, ku kafa wannan sharaɗi tun yanzu: duk wanda ya zo da kifi mai rai zai zuba a ruwan gari, ya faɗi inda ya samo shi, ya nuna wanda ya duba shi, in babu kuwa ya dakata.